Ekutar ko kaske: wanne salularka za ta iya turawa in ba ka da amfili?

Jama'a kafin mu shiga zancen mark da kuɗi, akwai abin da ya kamata kowa ya sani, salula ko ɗan MP3 ɗin nan da ake sa wa memwar dukkansu akwai amfili a ciki, wato abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai kunne, amma ɗan mitsitsi ne, an ƙera shi ne don ya ci batir kaɗan ba don ya tura babban kaske ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya tara kuɗinshi da ƙyar ya aika Kano ko Yamai an kawo mishi kaske mai tsada irin na masu studiyo, ya jona a Tecno ɗinshi ya ƙure bolim, sai ya ji murya can ƙasa-ƙasa bas ba nauyi, ya fara rantsuwa an cuce shi an ba shi jabu. Alhali sau da yawa kayan na gaske ne, salular ce ba ta da ƙarfin ɗaukarshi. Wannan asarar tana ba ni takaici sosai don kuɗi ba a banza ake samunsu ba a garin nan, kuma lambobi biyu kacal da ke bayan kwali za su iya hana ta.

Lamba ta farko ita ce wadda ake rubutawa da ohm, ko da wata alama kamar kofaton doki. Ku ɗauka kamar pamponmu ne na Damagaram lokacin da ruwa ke zuwa ba ƙarfi, in ka jona mishi tiyo mai faɗi ruwan zai ɗan gudana ka cika jarka, in ka jona siririn tiyo sai ɗigo-ɗigo, sai fa in akwai abin da zai turo ruwan da ƙarfi. To kaske mai ohm da yawa shi ne siririn tiyon, yana son a turo mishi wuta da ƙarfi, salula kuma yawancinta ba ta wuce volt 1, da yawa ma rabin haka suke bayarwa ko ƙasa. Lissafin ba wuya: in na'urarka na ba da rabin volt, kaske mai ohm 32 zai samu kusan miliwat 8, mai ohm 250 kuwa miliwat 1 tak zai samu. Abin ya fi fitowa fili a Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus, kaske ɗaya ne amma suna fitar da shi kala uku, ohm 32 da 80 da 250, kuma dukkansu kamfanin ya rubuta desibel 96, wato yawan ƙarar da suke fitarwa da miliwat 1. Mai 250 ɗin a irin wannan salular iyakarshi desibel 96, mai 80 ya kai wajen 101, mai 32 ya kai wajen 105. Tazarar desibel 9 zuwa 10 a kunne kusan ninki biyu ce ta ƙarfin sauti. Kada kuma 96 ɗin ta ruɗe ka ka ce ai ta isa, wannan ƙololuwa ce, ita waƙa ko karatu matsakaicin ƙarfinsu yana ƙasa da ƙololuwar da nisa, balle tsofaffin kaset na wa'azi da tafsiri da aka juye zuwa MP3 waɗanda dama can muryarsu ƙasa take. A ɗaki cikin dare za ka ji, amma a bakin titi ko a tasha sai dai ka yi ta danna kasken a kunne da hannu. Su Sennheiser HD 600 da HD 650 masu ohm 300 ma sahunsu ɗaya, kaya ne masu kyau na gaske amma ba abokan tafiyar salula ba ne.

Sai dai fa ohm shi kaɗai ba ya yanke hukunci, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Lamba ta biyu ita ce ta desibel, wadda ke nuna yawan ƙarar da kasken zai fitar in an ba shi ƴar wuta kaɗan. Ga kaske biyu da ohm ɗinsu kusan ɗaya: Sony MDR-7506 ohm 63, AKG K702 ohm 62. In ohm kawai ka duba ka ce duk ɗaya ne. Amma Sony ɗin desibel 106 yake bayarwa da miliwat 1, shi kuma AKG an rubuta mishi 105 amma da volt 1 aka auna ba da miliwat ba, in ka mayar da shi ma'aunin miliwat bai wuce 93 ba. A rabin volt Sony zai kai wajen 112, AKG ya tsaya wajen 99. Ka ga ɗaya salula za ta tura shi har ya yi maka yawa, ɗayan kuma ka ƙure bolim kana neman ƙari. Don haka in ka ga lambar desibel ka duba abin da ke gabanta, dB/mW ne ko dB/V, don wasu kamfanoni sun fi son rubuta ta biyun tunda ta fi girma a ido. A kaske mai ohm 32 tazarar da ke tsakaninsu desibel 15 ce cur. Ni dai ma'aunina in ba amfili: ohm daga 16 zuwa wajen 60, desibel kuma kusan 100 ko sama a ma'aunin miliwat. Wancan rubutun na 20Hz zuwa 20kHz da "super bass" da ake cika kwali da shi kuwa ka bar shi inda ka gan shi, na jikka guda ma haka ake rubuta mishi.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu da kayan hannu ke zo mana daga Turai: tun 1996 Faransa ta yi doka cewa irin waɗannan na'urorin sauraro kada su wuce desibel 100, daga baya ma sauran Turai suka bi da nasu ƙa'idojin, to MP3 ko salular da aka yi don kasuwarsu sau da yawa an daƙile mata ƙarfi tun daga kamfani. In irinta ce a hannunka, ka ƙara matsawa wajen mai sauƙin turawa.

To yanzu wane iri? Bari in fara da wanda kowa ya sani, ekutar mai faɗin kai da ake ɗorawa a bakin kunne ba ya shiga ciki, irin wanda ke zuwa cikin kwalin salula da. Kowace na'ura tana tura shi, ba ya sa gumi, kana jin sallamar mutane kana jin kiran salla, araha ne. Matsalarshi ɗaya ce amma babba: ba ya toshe komai. Ƙarar moto da adaidaita da injin niƙa duk suna shigowa, bas kuma yana zurarewa ta gefe, sai ka yi ta ƙara bolim kana gasa da titi, kunnenka ne ke biyan kuɗin. In a gida kake saurare ko a shago mai shiru ya wadatar, labarai da hira ma daɗinsu ake ji da shi.

Na biyu shi ne mai robar nan mai laushi da ke shiga cikin ramin kunne, kuma gaskiya shi nake ba mutane shawara kashi mafi yawa. Dalili, lasifikar tana dab da dodon kunne kuma ramin a toshe yake, saboda haka wuta ƴar kaɗan ta ishe shi, yawancinsu ohm 16 zuwa 32 ne, ko Itel mai maɓalli za ta tura su ba tare da ta yi nishi ba. Toshewar nan kuma ita ce babbar riba, tunda hayaniyar waje ta ragu ba ka bukatar ƙure bolim, batir ya daɗe kunne ya huta. Shure SE215 misali ohm 17 ne, kamfanin ya ce yana rage ƙarar waje har desibel 37, sai dai kuɗinshi da ɗan nauyi kuma jabunshi sun cika duniya. A ƴan shekarun nan kamfanonin Sin sun fito da ƙanana masu kyau ƙwarai a wajen dalar Amurka 20, irin su Moondrop Chu II mai ohm 18 da 7Hz Salnotes Zero mai ohm 32, sautinsu a daidaice yake murya na fita tas, kuma igiyarsu ana cire ta a canza. Wannan maganar igiyar kada ka raina ta, ku tuna duk ekutar da ta taɓa mutuwa a hannunku, ai ba lasifikar ce ke mutuwa ba, igiya ce ke karyewa daga ciki dab da kan da ake jonawa, kunne ɗaya ya ɗauke sai ka riƙa lanƙwasa ta kana neman inda za ta kama. In mai cirewa ce sai ka sayi igiya kawai. Su kamfanin KZ ma suna da masu cirewa da araha, amma da yawansu a kunnena bas ya yi yawa sama kuma ta yi tsini, in ka daɗe da su sai ka ji kanka ya yi nauyi. Oraimo kuwa, wanda dama na kamfanin da ke yin Tecno da Itel da Infinix ne, shi ya fi sauƙin samu a nan, in ka dace da na gaske yana aikinshi daidai kuɗinshi, illa dai masu igiyar nasu in ta karye shi kenan.

Amma mai shiga kunnen yana da sharaɗi: sai robar ta zauna daram. Cikin kwali za ka tarar da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, mutane da yawa ba sa ko buɗe ledar, suna amfani da wadda ta zo a jiki su ce ekutar ba bas. Ka gwada duka ukun, ka ɗan ja saman kunnenka sama da ɗayan hannun sannan ka tura a hankali, in ta zauna za ka ji duniya ta yi tsit muryarka kuma ta dawo cikin kanka, to nan ne bas zai fito. Wani ma kunnenshi na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba, ba laifi ka sa babba a ɗaya matsakaiciya a ɗaya. Abu na biyu, da yake suna jin wuta sosai, in MP3 ɗinka irin na araha ne can ƙasa za ka iya jin wani "sssss" a bayan sauti musamman inda mai karatu ya tsaya ya ja numfashi, wannan ba laifin ekutar ba ne, dattin amfilin na'urar ne take tona mishi asiri, a irin wannan mai ohm 32 ya fi mai 16 rufa asiri. Sannan don Allah ƴan kabu-kabu da masu tuƙi, wannan irin ba naku ba ne a kan hanya, mutum ya toshe kunne biyu yana ratsa Sabon Gari ba ya jin oda, ranshi da na wanda ya ɗauko yake wasa da su.

Sai kaske mai baka a kai. Akwai ƙanana masu zama a kan kunne, wanda ya fi shahara a cikinsu Koss Porta Pro, tun 1984 ake yin shi kusan bai canza kama ba, ohm 60 desibel 101, mara nauyi, yana naɗewa ya shiga aljihun riga, soso ne a jikinshi ba leda ba don haka iska na shiga. Salula na tura shi lafiya lau, sautinshi da ɗumi da daɗi. Amma bayanshi a buɗe yake, na kusa da kai yana jin abin da kake ji kai ma kana jin nashi, a cikin motar bas ɗin Yamai na tsawon yini ba zai yi maka ba.

Manyan masu rufe kunne gaba ɗaya su ne kowa ke sha'awa, kuma ban musa ba sautinsu ya fi faɗi, kalangu da gurmi da algaita kowanne ka ji shi a wurinshi ba a cakuɗe ba. Cikin waɗanda salula ke iya turawa akwai Audio-Technica ATH-M50x mai ohm 38 desibel 99, da ƙanenshi M40x mai ohm 35, dukkansu igiyarsu na cirewa, sai Sony 7506 ɗin da na ambata wanda tun 1991 gidajen rediyo ke aiki da shi saboda yadda yake fito da murya, sai dai igiyarshi murɗaɗɗiya ce mai nauyi ba ta cirewa, ba ta yawo ba ce. To amma mu tuna inda muke. Watan 4 da watan 5 zafi na haura 40 a Zinder, ka rufe kunnenka da ledar roba minti 20 ka ga yadda gumi zai taru. Kuma ledar nan ba fata ba ce, gumi da zafi suna cin ta, ta fara tsagewa sannan ta riƙa barewa, ka cire kaske ka tarar da baƙin ɓurɓushi a kunnenka da wuyan farar rigarka da gefen hula. Ana sayar da matashin da ke rufe kunnen daban a canza, amma samunshi a nan aiki ne. Masu matashin yadi mai laushi sun fi sanyi, su kuma ƙurar hunturu suke sha. Don haka in ba aikin haɗa sauti kake ba, ko kana da ɗaki mai sanyi da kake zama ka saurara, ni ban ga dalilin zuba kuɗin da ya kusa na buhunan hatsi da yawa a kan babban kaske ba don kawai a jona a salula.

Abin da kake saurare ma yana da ta cewa. Mai sauraren karatun Alƙur'ani da tafsiri da darussa, murya yake nema, yana so ya bambance sin da sad, ya ji gunna da madda yadda suke, kuma wannan tsabtar tana tsakiyar sauti ne da ɗan sama, wajen 1kHz zuwa 4kHz. Ekutar da aka cika wa bas tana binne wannan wurin, malam na magana kamar daga cikin ɗaki a rufe. Ɗalibai na jami'a da masu hadda ku guje wa duk abin da aka rubuta wa ƙarin bas. Mai son kiɗan zamani shi kam bas na da daɗi, amma bas mai kyau shi ne wanda ke bugawa ya saki nan take, ba mai gunji ya rufe muryar mawaƙi ba.

Na san wani zai ce to Bluetooth fa? Gaskiya ne shi ya kashe maganar ohm gaba ɗaya, don amfilinshi na cikin jikinshi an daidaita shi da lasifikar tun daga kamfani, salula saƙo kawai take aikawa. Ga wanda salularshi ba ta da ramin 3.5mm, tunda Apple ta cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu suka bi, hanya ce mai sauƙi. Amma batir ne a ciki ɗan ƙarami, batir kuma ba ya shiri da zafi, ka bar shi a aljihun moto cikin rana sau da yawa sai ka ga sharjin da ke kai awa 5 ya koma awa 1, kuma ba a canza shi, sai dai a yar. Ga shi in kuran ya ɗauke ka samu ƙarin abin da za ka kai wajen mai sharji. Sannan rediyon FM na saluloli da yawa igiyar ekutar ce eriyarshi, in ba igiya ba tasha. Ƙananan MP3 masu araha kuma da yawa ba su da Bluetooth ɗin ma sam. Ɗaya hanyar ita ce ƴar guntuwar igiyar nan mai kan USB-C, ita ma in ka bincika ƙaramin amfili ne a ɓoye a cikin kanta, ta Apple ta kasuwar Amurka volt 1 take bayarwa ta Turai rabin volt, sai dai akwai masu araha da ba komai a ciki sai waya zalla, su kuma ba sa aiki a saluloli da yawa har da su Samsung, don haka kada ka biya sai ka jona a taka ka ji.

Maganar kunne kuma ba zan tsallake ta ba don abin na damuna, ina ganin yara ƴan makaranta ekutar na kunnensu amma ni da ke gefe ina jin waƙar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a sati ba matsala, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal a sati, kuma ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraren. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ba magani ba tiyata. Duk lambobin 105 da 112 da na kawo a sama ba don ka kai can ba ne, don na'urar ta samu sarari ne ta yi aiki ba a ƙure ba. In ka cire ekutar ka ji kunnenka na ƙugi ko maganar mutane ta dushe, ka wuce gona da iri. Ka tsaya wajen kashi 60 na bolim, in a nan ba ka ji sosai to toshewa ce ba ta yi ba, roba za ka canza ba bolim za ka ƙara ba.

In ka tashi saye, a Kasuwar Dole ne ko wajen masu tebur na bakin titi, ka tafi da na'urarka da kanta da kuma karatu ko waƙar da ka haddace sautinta, kada ka yarda a gwada maka a salular mai kaya. Ka ce mishi "Malam don Allah buɗe mini in ji a tawa, in ta yi ba zan tsaya dogon ciniki ba", yawancinsu za su ce "bismilla Alhaji gwada", wanda ya ƙi kuwa ka yi gaba. Ka sa bolim a rabi, in rabi ya ishe ka a cikin hayaniyar kasuwa to na'urarka ta iya da shi, in sai ka kai ƙarshe ka ajiye. Ka saurari dama ita kaɗai sannan hagu, ƙarfinsu ya zo ɗaya. Ka kama igiyar dab da kai ka ɗan jujjuya ta, in ka ji ƙaras-ƙaras ba za ta yi wata biyu ba. Wanda kanshi ya lanƙwasa kamar kusurwa ya fi miƙaƙƙe jure zaman aljihu. Ka dubi zoben da ke jikin ƙarfen kan, biyu na sauraro ne zalla, uku akwai makirfo, kuma masu ukun tsarinsu iri biyu ne, tsofaffin Nokia da wasu ƙananan na'urori nasu daban yake da na salulolin yanzu, alamar rashin jituwar ita ce ka ji kiɗa amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga rami, in ka danne maɓallin amsa kira ta dawo. Ga ɗan MP3 mai zobe biyu ya fi kwanciyar hankali. Mark babba a farashin banza kuma ka san me ke nan, gara ƙaramin suna na gaske.

Bayan ka kai gida, lokacin hunturu musamman, ƴar ragar da ke bakin ekutar tana toshewa da ƙura da dattin kunne har gefe ɗaya ya rage murya ka zaci ya mutu. Ka cire robar ka wanke ta da ruwa da sabulu ta bushe sarai, ragar kuma ka juya ta ƙasa ka goge a hankali da busasshen buroshin haƙori, kada ka tsokane ta da allura ko tsinke don za ka tura dattin ciki ko ka huda ta. Ka samo ƴar jaka ko gwangwanin alawa ka riƙa naɗe ta a ciki maimakon ɗaure ta a jikin salula, kuma in za ka ba wani aro ka canza mishi roba, ciwon kunne na bin wannan hanyar.